Anti, an ba ni falsafa, raina ya rabu biyu

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni 'yar cikin garin Bauchi ce, shekarata 19, na gama sakandare shekara biyu da suka wuce. Lauya nake cikewa a JAMB har sau biyu, bana ma makina bai kai ba sai aka ba ni falsafa a wata jami'a a wajen jiha, yanzu haka yana nan a CAPS, shafin JAMB na karɓar gurbin karatu, ban danna karɓa ba ban danna ƙi ba. Anti gaskiya raina ya rabu biyu. Tun ina ƙarama ni mai yawan tambaya ce har a islamiyya ana ce min 'yar me ya sa, kuma da na duba abubuwan da ake karantawa a kwas ɗin sai naji wani daɗi a raina wanda ni kaina ban gane ba. Amma Baffana yace falsafa hanyar zindiƙanci ce, wai ya san wani da ya karanta ya daina sallah. Mama kuma tace wane aiki ake samu da shi, sannan wa zai auri mace mai gardama. Abba yace zaɓi yana wurina amma naga jikinsa yayi sanyi. Wani lokaci in kwanta ina murna, wani lokaci in farka da tsoro kamar zan sayar da imanina saboda digiri. Dan Allah ki ba ni shawara, lokaci na tafiya.

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Sau uku na karanta saƙonki kafin in fara rubutu, kuma inda ya tsaya min a rai shi ne wurin da kika ce kin ji daɗin da ke kanki ba ki gane ba. Yawancin masu turo min irin wannan saƙon ba sa son kwas ɗin da aka ba su, haƙuri kawai suke so in ba su. Ke kuwa kina so, kuma kina jin kunyar son, kamar kin ɓoye wani abu a ƙarƙashin filo. To ki fara cire wannan kunyar, yarinyar da ke son sanin dalilin abu ba ta yi laifin komai ba, Allah ne ya yi ki haka, kuma da irinku ake samun malamai.

Bari in fara da Baffa, don maganarsa ce ta fi nauyi kuma ita ce ke tada ki da dare. Ba zan ce miki tsoronsa na banza ba ne, in na faɗa haka na cuce ki. Gara ki san abin da za ki tarar tun daga gida. Shekarar farko yawanci da Girkawa ake farawa, za ki ji labarin wani Talis da ya rayu kusan shekara 600 kafin Annabi Isa (AS) wanda yace asalin komai ruwa ne, za ki ji Sukurat da ke yawo a cikin birnin Atina yana tare manyan gari yana tambayarsu mene ne adalci mene ne jarumta har sai ya ƙure su, ƙarshe a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa aka yanke masa hukuncin kisa aka ba shi guba ya sha, wai yana ɓata matasa kuma bai yarda da allolin garin ba. Sai ɗalibinsa Aflaton, sai ɗalibin Aflaton wato Aristo. Waɗannan ba su cika girgiza mutum ba, har daɗin ji gare su kamar tatsuniya. Inda ake jin jiki shi ne can gaba, lokacin da za ki haɗu da Bafaranshen nan Dekat da ya zauna yace zai yi shakkar komai, har ko a farke yake ko mafarki yake, don ya ga ko akwai abin da zai rage wanda ba ya shakkuwa. Za ki haɗu da Hiyum ɗan Sikotlan da ya yi jayayya kan mu'ujiza, da Jamusawa irin su Makis da Nitshe da suka soki addini kai tsaye. Za a kawo miki tambayar nan mai zafi, in Allah mai iko ne mai rahama me ya sa jariri ke shan wahala. Kuma abin da ya fi wuya, a jarabawa za a ce ki rubuta hujjar waɗannan mutanen daidai yadda suka kawo ta ba tare da kin murɗe ba, sannan ki auna ta. Hannunki zai rubuta abin da zuciyarki ba ta yarda da shi ba, kuma ranar farko sai kin ji wani iri. Wannan duk gaskiya ne, kinga kenan Baffa ya hango wani abu.

Amma akwai abin da nake ganin bai kai ga dubawa ba, kuma yana nan a cikin littattafan zaurenmu. Kin yi islamiyya, nasan kin karanta Ahalari ko kin ji ana biya shi, babin tsarki da sallah da ƙabli da ba'adi. To mai wannan littafin, Shehu Abdurrahman Al-Akhdari mutumin Aljeriya, shi ne kuma ya rubuta wasu baitoci kan manɗiƙi, wato ilimin auna hujja da za ki ji ana ce masa lojik a jami'a, sunan littafin Sullam, ya rubuta shi a shekara ta 941 bayan hijira yana ɗan shekara 21, shekara biyu kacal ya ba ki. Manɗiƙin nan kuwa asalinsa daga Aristo musulmi suka karɓo shi. A cikin baitocin shi da kansa ya kawo saɓanin malamai, yace magana uku ce: Ibnus Salah da Imam Nawawi sun haramta, wasu sun ce ya kamata a koya, sannan yace maganar da ta shahara kuma ta inganta ita ce ya halatta ga mai cikakkiyar basira wanda ya saba da Alƙur'ani da Sunna. Ki lura da sharaɗin nan, don shi ne kusan duk abin da nake son faɗa miki yau. Bai ce kowa ya afka ba, kuma bai rufe ƙofa ba, cewa ya yi a shiga da guzuri.

Wannan jayayyar ma ta taɓa ƙasar Hausa. Shehu Maghili, wanda ya zauna a Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, yana goyon bayan karatun manɗiƙi, Imam Suyuɗi na Masar kuma yana hanawa, har suka yi musayar baitoci a kai. Manyan malamai ne su biyun kuma ba wanda ya fitar da ɗan uwansa daga musulunci saboda wannan.

Sai dai kar in yi miki wayo, manɗiƙi ɓangare ɗaya ne na falsafa, kuma shi ne mai sauƙin sha'ani a wurin malamai. Inda aka fi kai ruwa rana shi ne maganar Ubangiji da asalin duniya da lahira. A nan ne ake yawan ambaton Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ana cewa ai shi ya rusa falsafa. E, ya rubuta littafin Tahafut yana raddi ga masana falsafa na musulmi su Farabi da Ibn Sina, ya kawo mas'ala 20, a guda 3 yace maganarsu kafirci ce: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa dalla-dalla ba, da musun tashin jiki ranar ƙiyama. Amma ki tambayi kanki ta yaya ya iya raddin. Zama ya yi ya karance littattafansu har ya rubuta wani littafi daban yana bayanin ra'ayinsu tsaf kamar shi ma nasu ne, don a ganinsa yin raddi ga abin da ba ka fahimta ba kamar harbi ne a duhu. Kuma bai zubar da komai ba, ya riƙe manɗiƙi har ya sa shi a farkon littafinsa na usulul fiƙhu, ya riƙe lissafi, har ya ja kunnen masu kishin addini cikin jahilci da ke ƙaryata komai na masana falsafa har da lissafin kusufin rana da wata, yace irinsu ɓarna suke wa addini suna zaton gyara. Shi da kansa ya ba da labarin cewa ya yi kusan wata biyu cikin ciwon shakka, har abin da idonsa ke gani ya daina aminta da shi, kafin Allah ya yaye masa. Imam Gazali fa, wanda ake wa laƙabi da Hujjatul Islam. Bayansa Ibn Rushd na Andalus, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani yana kare falsafa, shi kuma alƙalin Kurɗuba ne a mazhabar Malikiyya irin tamu, shi ne mai Bidayatul Mujtahid da ɗaliban fiƙhu ke karantawa har gobe. Shi ma bai sha da daɗi ba, a ƙarshen rayuwarsa an kore shi daga gari na wani lokaci an ƙona wasu littattafansa. Na faɗa miki wannan ne don ki san abin bai taɓa zama mai sauƙi ba a kowane zamani.

Wanda na fi son ki sani kuwa na gida ne. Malam Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ta wajen 'yarsa Nana Khadija, an haife shi a 1804 ya rasu a 1864, ya zauna a Salame ta ƙasar Sakkwato. Ya yi rubutu kan tarihi, ya yi kan tasawwufi, ya kuma yi rubutu kan falsafa yana auna maganganun masu ita, me ya dace da wahayi me ya saɓa. Ɗan gidan Shehu ne, mahaifiyarsa ma malama ce. Duk sanda aka ce miki wannan karatun na Turawa ne kaɗai ki tuna da shi.

Yanzu bari in ba ki nawa labarin. Ni ba falsafa na karanta ba, fannin koyarwa na yi, amma akwai wani kwas na dole da kowane ɗalibin jami'a a Najeriya ke yi kan falsafa da lojik, ko injiniya kake karanta ko likitanci sai ka bi ta kansa, in akwai 'ya'yan Baffa da suka yi jami'a su ma sun yi shi. A ajin nan ne aka kawo maganar wahalar jarirai, kuma a lokacin yayata ba ta daɗe da rasa ɗanta na goye ba, na ga yadda yaron ya sha jinya. Wallahi ƙanwata tambayar nan ta shige ni kamar ƙaya, na yi sati uku ina sallah zuciyata na nauyi, na kasa gaya wa kowa saboda tsoron a ce na kafirta, in na tuna sai in yi ta istigfari ina kuka ni kaɗai a hostal. Da na dawo hutu na daure na je wurin wani tsohon malami abokin kakanmu a unguwarmu, na durƙusa daga bakin zaure na faɗa masa muryata na rawa. Na zaci zai daka min tsawa. Shiru ya yi, sannan yace min wannan tambayar ta girme ni da shekara fiye da dubu, ya karanto min hadisin nan na cikin Muslim inda sahabbai suka zo suka ce wa Manzon Allah (SAW) suna jin wani abu a ransu wanda faɗarsa ta yi musu girma, yace musu wannan shi ne tsantsar imani. Ya zauna da ni har kusan magariba kan ƙaddara da jarrabawa da iyakar hankalin ɗan Adam. Bai warware min komai da komai ba, akwai inda yace nan hankali ke tsayawa, amma ya nuna min dalilin tsayawar, kuma na fito zauren nan ƙirjina a sake. Da na ci gaba da ɓoyewa ban san inda abin zai kai ni ba.

Shi ya sa in aka ce min wane ya karanta falsafa ya daina sallah, abin da nake fara tambaya shi ne wa ya samu ya yi magana da shi lokacin da abin ya fara. A ɗan abin da na gani a rayuwa, abu biyu ne ke kayar da yaranmu a wannan hanyar. Ɗaya kaɗaici, yaro ya zo da tambaya a gida a ce masa rufe mana baki, a masallaci a ce masa ɗan iska, sai ya koma waya, can kuma akwai masu jiransa hannu biyu-biyu a Facebook da YouTube su ce masa kai ne mai hankali sauran duk tumaki ne. Ɗayan kuma girman kai, mutum ya karanta handawut uku ya haddace sunan Turawa biyar sai ya dawo hutu yana yi wa mahaifiyarsa kallon jahila. Wannan na biyun na fi ji miki tsoronsa fiye da littattafan kansu, domin yana shiga a hankali kuma yana da daɗi. Duk ranar da kika ji kina son ƙure Mama a magana don ki nuna kin iya, ki san ciwon ya fara taɓa ki, ki yi maza ki ja da baya.

Kuma ki duba wani abu. Limaman cocin Katolika sai sun yi shekaru suna karatun falsafa kafin su shiga karatun addininsu gadan-gadan, akwai babbar makarantarsu a nan Jos kusa da mu, da yawa daga malaman falsafa a jami'o'in ƙasar nan ma ta irin waɗannan makarantun suka biyo. Da karatun nan shi kaɗai yana cire imani da ba su tura 'ya'yansu ba. Maganar Baffa ta cewa ya san mutum ɗaya, darasin lojik na farko zai nuna miki cewa misali ɗaya bai isa a yanke hukunci kan kowa ba, kuma don abu ya faru bayan wani abu ba lallai shi ya jawo shi ba, akwai waɗanda suka bar sallah ba su taɓa jin sunan Aflaton ba. Amma dan Allah kar ki je ki faɗa masa haka, ke ki sani a ranki kawai. Shi ba muhawara yake da ke ba, tsoron rasa ki yake, kuma mai tsoro ba a kwantar masa da hankali da ƙure shi.

Sai maganar Mama, aiki. Ita ma tana da gaskiya. Babu ofishin da za ki je ki ga an rubuta ana neman masanin falsafa, in ba jami'a ba, ita kuma sai kin ƙara digiri na biyu har na uku. Layinku ɗaya da waɗanda suka karanta tarihi da kimiyyar siyasa da soshiyoloji: aikin gwamnati ɓangaren mulki, koyarwa in kin haɗa da difloma ta koyarwa kin yi rajista da hukumar malamai, aikin jarida, ƙungiyoyi masu zaman kansu irin waɗanda ke aikin lafiya da karatun 'ya'ya mata a jihar nan, bankuna da kamfanoni masu ɗaukar kowane fanni in sakamako ya yi kyau an kuma ci gwajinsu. Abin da karatun zai ba ki in kin yi shi da gaske shi ne iya karanta rubutu mai wuya ki fahimta, iya rubutu a tsare, da iya gano inda magana ta karkace. Wannan abin nema ne, ni da nake koyarwa nasan yadda yake wuyar samu, amma ba ya sayar da kansa, sai kin haɗa shi da wani abu a hannu. Tun daga aji ɗaya ki kama kwamfuta da kyau, ki gyara Turancinki don karatun nan kaf karatu ne da rubutu, in kina da wata sana'a ko ɗinki ko lalle ko turare kar ki yar, sannan ki ƙara Larabci, don wanda ya haɗa Larabci da falsafa a ƙasar nan yana da filin da mutane kaɗan ne a cikinsa.

Lauyan da kike so kuma bai mutu ba. Akwai jami'o'in da ke karɓar mai digiri na farko ya shiga lauya kai tsaye daga aji biyu, wato ƙarin shekara 4 sannan makarantar horas da lauyoyi, hanya ce mai tsawo da kuɗi amma tana nan, kuma lojik da falsafar shari'a za su yi miki amfani sosai a can. Abin da ba na so shi ne ki shiga da tunanin ai bayan shekara ɗaya zan canza zuwa lauya, domin gurbin lauya ƙayyadadde ne a kowace jami'a, canjin nan yana wuya ƙwarai, na ga yara da yawa sun shiga kwas da ƙafa ɗaya suna jiran canji, canjin bai zo ba, sakamakon kuma ya lalace tun daga tushe. In za ki shiga ki shiga da ƙafa biyu.

Maganar aure ba zan daɗe a kai ba. Gardama daban, neman hujja daban. Mai gardama so take ta yi nasara ko da ƙarya, mai neman hujja in aka nuna mata ta yi kuskure sai ta ce na gode, kuma karatun nan in an yi shi daidai na biyun yake koyarwa, sauraro yake fara koya miki kafin magana. Nana Asma'u da yayarta Nana Khadija sun yi ilimi mai zurfi kuma sun yi zaman aure. A wannan zamanin ma akwai Farfesa Sofi Oluwole, mace ta farko da ta yi digirin dakta a falsafa a Najeriya, a Ibadan a 1984, ta koyar a jami'ar Legas, ta ƙare rayuwarta tana nuna wa duniya cewa Yarbawa suna da nasu zurfin tunanin a cikin harshensu, ta rasu a 2018. Ki kwantar wa Mama da hankali da halinki, in ta ga kin dawo hutu kin ƙara ladabi kin ƙara taya ta aiki, maganar za ta mutu da kanta.

Ambaton wannan matar ya tuna min abin da ke ci min rai. Mu Hausawa muna da kalmomi masu nauyi, kunya, mutunci, amana, haƙuri, kirki, kowacce in aka zauna a kanta sai a cika littafi. Mene ne bambancin kunya da tsoro, yaushe haƙuri ke zama zalunci ga kai, me ya sa za a ce wane yana da kuɗi amma ba shi da mutunci, waɗannan duk tambayoyin falsafa ne kuma kakarki tana amsa su kullum da karin magana. Amma ɗaya daga cikin rubutun da aka fi ambata kan ma'anar mutumin kirki a wurin Bahaushe wani Bature ne, Kak-Girin, ya rubuta shi, aka buga a 1974. Ba laifinsa ba ne, mu ne muka bar filin. Alhali garin nan namu ba baƙon muhawara ba ne, a shekarun 1940 a nan Bauchi su Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Abubakar Tafawa Ɓalewa suke zama a dandalin tattaunawa suna tambayar yadda ake mulkin jama'a da haƙƙin talaka. Ina son in ga 'yar Bauchi ta zauna ta rubuta mana me kunya take nufi, da Hausa, da hujja.

To me nake ba ki shawara. In ni ce ke zan karɓa. Kin riga kin yi shekara biyu a gida, makin JAMB na shekara ɗaya ne, in kika ƙi sai sabon fom da sabon jira ba tare da tabbas ba, ga shi kuma abin da aka ba ki ranki na so, wannan ba ƙaramin dace ba ne. Amma kafin ki danna komai ki yi istihara, sannan ki samu Abba shi kaɗai bayan isha'i ki tambaye shi a hankali me ya sanyaya masa jiki. Ke kin ɗauka falsafar ce, ni kuma ina zargin kuɗin makaranta ne da na masauki da nisan gari, uba ba ya son faɗa wa 'yarsa cewa aljihu ne matsalar. In kuɗi ne ku zauna ku yi lissafi tare, ku duba tallafin karatu na jiha da bashin ɗalibai na gwamnatin tarayya da aka fara a 2024. In kuma har cikin ransa bai yarda ba, ki bi shi a hankali, ki sa wanda yake jin maganarsa ya yi masa bayani, karatun da aka tafi da shi ba albarkar iyaye nauyi yake yi a hanya.

Baffa kuma ki je gidansa da kanki ki gaishe shi, ki ce Baffa na ji maganarka kuma ta shige ni, ina son ka taimake ni ka nemo min malami mai haƙuri wanda zan riƙa karatun tauhidi a wurinsa duk hutu, in ya san Sullam ya biya min ita ma, kuma duk tambayar da ta dame ni a makaranta shi zan kawo wa. Kinga kin mayar da shi mai tsaronki maimakon mai hana ki, kuma manya suna son a ba su irin wannan matsayin. Ki fara karatun tun kafin a buɗe makaranta. A can kuma kar ki saki karatun Alƙur'aninki ko shafi ɗaya ne bayan asuba, ki nemi ƙawaye biyu uku masu sallah kan lokaci, ki sayi wani littafi na daban ki riƙa rubuta duk tambayar da ta tsaya miki da kwanan wata, kar ki bar ta tana yawo a kai cikin dare. Wasu za ki ga kafin ƙarshen semesta sun warware da kansu, wasu sai kin kawo gida, wasu za su daɗe tare da ke.

In kin gama semesta ta farko ki rubuto min, ina son jin tambayar da ta fara hana ki barci da kuma wanda kika kai wa ita. Allah ya zaɓa miki mafi alheri, ya tsare miki imaninki, ki gaida min Mama.

Antinki